Yadda Na Riƙe Igiyar Kare Daga Dakoro Zuwa Tagris

Shekarar da aka rufe iyakarmu da Najeriya, shinkafa ta gagari talaka, a shekarar ne Agali ya aiko mini da saƙo. Agali Buzu ne, makiyayi a Tagris. Da daɗewa na ɓata a dajinsu, ƙishirwa ta kayar da ni, shi ya ɗora ni bisa raƙumi ya shayar da ni nono. Bai taɓa roƙona komai ba sai wannan karo. Zazzaɓi ya kama shi a kasuwar Dakoro, aka wuce da shi gida, aka manta karensa ɗaure bayan kasuwar shanu. Ya ce in kai masa.

Dakoro

Na bar Birnin Lalle bayan sallar asuba bisa amalanken masu gero. Da hantsi na iske wani jan kare ɗaure gindin aduwa marar ganye, harshe waje. Ni malami ne, ban taɓa tsayawa na dubi fuskar kare ba. Na zuba masa ruwa a sakaina, na tuna mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare, na kwance igiyar.

Mai shayi da ke kusa ya ce, "Malam, yi hankali, shela biyu aka yi makon nan. Wanda ya ɗaure kare a rana, a ci shi tara. Karen da aka gani sake, harbi, saboda ciwon hauka."

Na ce, "To, yaya zan yi?"

Ya ce, "Riƙe shi. Ba a yi shelar riƙo ba."

Hanya

Direban motar Tagris ya ce bayan mota rana ce tsagwaronta, shi kuwa ba zai biya tarar kowa ba. Aka sa kare gidan gaba, ni na hau bisa buhunan dussa, igiya ta biyo ta taga zuwa hannuna.

A shingen jandarma wani saurayi daga cikinsu ya leƙo, ya ce, "Baba, karen nan ɗaure yake ko sake?"

Na ce, "Riƙe yake, shef."

Ya je ya yi shawara da abokinsa, ya dawo. "Ya sha ruwa?"

"Ya sha."

"Kai fa?"

"Ni ba a yi shela a kaina ba."

Da azahar muka tsaya salla. Kowa ya ce yana da alwala, ba mai karɓar igiya. Wani dattijo ya yi nazari, ya ce, "Ɗaura a ƙafarka, malam. Kai aka ɗaure ke nan, kai kuwa doka ba ta hana ba." Haka na yi raka'a huɗu a rana, kare na kwance a inuwar mota. Allah ya karɓa.

Tagris

La'asar sakaliya muka isa. Na iske Agali kishingiɗe bakin bukka, wani baƙin kare kwance kusa da shi. Bayan gaisuwa ya dubi igiyata, ya ce, "Malam, wannan na wane ne?"

"Naka."

"Nawa ga shi. Ya cinye igiya, ya riga ni isowa gida."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni kuwa na yi salati, na ce na saci karen mutane.

Ya ce, "Wanda ya ɗaure shi a rana ne zai fito cigiya, ya kai kansa ga masu cin tara?" Ya miƙa hannu ya zare igiyar daga wuyan karen. "Na ɗauko ka daga rana, ka ɗauko wannan daga rana. Babu sauran bashi tsakaninmu."

Na kwana, na sha nono, washegari na bar masa jan karen, na koma Birnin Lalle lafiya, a gidan gaba. Godiya ta tabbata ga Allah, sai kuma mai shayi.