Rariyar da Alhaji Garba ya toshe

Shekara tara ke nan da maƙwabcina Alhaji Garba ya toshe mani rariya da siminti, ruwa ya kwanta a gidana, bango ya faɗo ma matata Hassu. Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, ban iya kwana-kwana ba, shi ya sa na fara da wannan.

A tsohuwar unguwarmu nan Tasawa, tun kakanni ruwan gida ta gidan maƙwabci yake fita. Nawa ya bi rariya ya shiga na Alhaji, nashi ya shiga na gaba, har tabki. Da Alhaji ya samu, sai ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ya malale tsakar gida, ya ce ya gama karɓar ƙazantar wani. Na roƙe shi. Ya ce in fitar ta titi. Titin kuwa ya fi gidana tudu, kuma ya sani.

Ba cikin ruwan ta rasu ba. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito fes. Ashe bangon na can yana sha ta ƙasa. Da hantsi ta zauna gindinshi tana tsinke zogale, ni ina kasuwa. Aka ce ƙaddara ce. Na yarda. Amma simintin hannu ya kwaɓa shi.

Hassu 'yar Kanan-Bakashe ce, inda ake roƙon ruwa. Ba ta taɓa zagin hadari ba. Da gabas ta yi duhu za ta ɗauki guntuwar taɓarya ta zungure rariya, ta zagaya ta zungure ta gidan Alhaji ma, ba wanda ya sa ta. In ruwa ya kankama sai ta tsaya bakin ɗaki tana dariya, ta ce, "Baban Rabi, taso ka gani, yana wucewa kamar baƙo mai kunya." Ni kuwa ina ta mitar rufi.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga garin yau. An cika rabin tabki da bola, an yanka fegi an yi gini a kai. Leda ta cushe sauran. Mai hali ya kawo kamiyo, babbar mota, cike da ƙasa ya ɗaga ƙofarshi, ruwa ya gangara wurin wanda bai da shi. Na san ba za ta yi faɗa ba. Taɓaryarta za ta nema. Yanzu tana hannun ɗiyarmu Rabi, a gidan mijinta, kuma an ce mani duk layin sun san ta da ita. Abin da Hassu ta bari ke nan, ya fi ni da fushina amfani.

Bana tabki ya cika ya dawo da baya. Gidan Alhaji ya fara shiga, ruwa har gwiwa, ba mafita sai ta gidana, don sabon bangona na da rariya ta baya. Sai ga shi a ƙofata, ya tsufa, wando a naɗe, ya ce jikoki na kan gado, in taimaka a fasa simintin rariyar.

Shekara tara ina gyara maganar da zan gaya mashi. Da na buɗe baki sai na ga Hassu da taɓarya. Na shiga na ɗauko diga na miƙa mashi.

Na ce, "Alhaji, in don ni ne, da ka kwana ciki. Amma mai gidan nan ba ta taɓa tare ma kowa ruwa ba, ba zan fara da sunanta ba. Ga wurin, ka san shi, kai ka toshe. Kada ka kira magini. Da hannunka za ka fasa, ina tsaye."