Harba-ka-ruga ta Baba Nomau

Har gobe ina tuna ranar da shugaban sashenmu ya tura ni wani ƙauye bayan Zugu. Lokacin ina mataimakin jami'in al'adu a ƙaramar hukuma. Aikinmu tattara kayan da, kuma doka ce ba a karɓar abu sai da tarihin sunansa daga bakin mai shi. Ya ce, "Akwai tsohon maharbi, Baba Nomau, yana da bindiga harba-ka-ruga. Ka samo ta. 'Yarsa kuma ta roƙa a taho da shi."

Na hau babur da hantsi, kaka ta yi. Wallahi ko kaza ban gani ba a garin nan. 'Yan bindiga sun watsa kowa, gero ya nuna babu mai yanka. Na tarar da tsohon shi kaɗai a zaure, bindigar a kan cinyarsa.

Bayan gaisuwa na ce, "Baba, me ya sa ake ce mata harba-ka-ruga?"

Ya yi dariya. "Kai, yaran zamani! Harbi guda gare ta. Kahin ka ɗura albarushi, ka cusa tsumma, ka danna da ƙarhe, ɓauna ta iso ka. Sai gudu. Shi ya sa ba a shiga daji da ita mutum guda. Kai ka harba, abokinka na tsaye da tashi a ɗure. Ba ka barin shi, ba ya barin ka."

"Wa ke tsaya maka?"

"Ɗanjumma. Tun muna samari." Ya nuna maƙabarta da haɓa. "Bara munka kai shi."

Ya goge bindigar da bakin rigarsa ya miƙo mini. "Tahi da ita. Ba ta da amfani ga wanda ba shi da na biyu."

Na ce ya hau mu tafi, 'yarsa na jira a Bukkuyum. Na yi magiya har na fara jin haushi. Ya ce, "Ɗana, in na tahi, wa zai tsaya ma Ɗanjumma?"

Na ɗaure bindigar a bayan babur na kamo hanya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani kaya muke iya ɗaukowa. Na kawo bindiga, na kawo tarihin sunanta, shugaba ya yaba. Da yamma 'yar ta zo ofis, ta leƙa bayana ta ce, "Ina Baba?"