Biyun da Na Sa Ya Goge

Ina shekarata ta uku da fara koyar da Turanci a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Ain Khaled da ke Doha aka kawo mana fom ɗin. Takarda ce guda. Idan yaro ya gama rubuta insha'i, sai ya auna kansa da kansa: nahawunsa, ginin jimlolinsa, da yadda ya fitar da ma'ana. Kowane layi yana da akwati biyar, ɗaya shi ne mafi rauni, biyar mafi kyau. Daga nan ni ma in sa nawa makin a gefe.

A ɗakin malamai ba wanda ya yi murna. Wani dattijo ɗan Indiya, wanda ya fi mu duka daɗewa, ya ce yaro ɗan shekara sha shida ba ya ganin kuskurensa, da yana gani ai da bai yi ba. Wata malama 'yar Labanan ta ce 'ya'yan manya duk biyar za su ba kansu, kuma wa ya isa ya musa musu. Ni kaɗai na ce abin ya kwanta mini. Lokacin da nake ɗalibi a Katsina, miƙo maka littafinka kawai ake yi da jan biro, ba mai tambayarka ko ka san inda ka karkace.

A ajina akwai wani yaro shiru-shiru da ke zama kusa da taga. Babansa direba ne, mutumin zangon Kumasi, kuma maigidan baban ne ya sa shi a makarantar tare da nasa 'ya'yan. A Doha aka haife shi. Ya rubuta mini insha'i a kan tsohon gidan da suke zaune a unguwar Al Asmakh, yadda iyali huɗu ke amfani da kicin ɗaya, kowa ya san lokacin girkin kowa ba tare da an taɓa zama an tsara ba. Na karanta sau biyu. Na ba shi biyar. Da na duba gefensa, sai na ga biyu ya ba kansa a kowane layi.

Haka ya yi a na biyu, haka a na uku. Ranar nan da aka tashi tara na tsayar da shi, na yi masa Hausa, abin da ba na yi a cikin aji.

"Kai, me ya sa kullum biyu? Tsoro kake ji?"

"A'a, Malam."

"To mene ne?"

Ya ce, "Malam, kai abin da ke takarda kake gani. Ni na san abin da na so in faɗa. Rabinsa bai fito ba. Wani ya tsaya a Hausa, wani a Larabci. Da na juya shi Turanci sai ya zama ƙarami."

Tun da na fara koyarwa ɗalibi bai taɓa bayyana mini rubutunsa haka ba. Na koma ɗakin malamai ina ba da labari, har dattijon nan ya cire tabarau ya ce in maimaita.

Bayan mako biyu shugabar sashenmu ta kira ni ofis. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Ashe duk fom ɗin da muke miƙawa shigar da su ake yi, ana duba tazarar da ke tsakanin makin yaro da na malami. Inda tazarar ta yi yawa, layin ya koma ja. An ɗauka hakan na nufin malamin bai fahimtar da yara ma'aunin ba. Layin yaron nan ja ne daga sama har ƙasa, kuma ya ja sakamakon ajina baya.

Na faɗa mata abin da yaron ya ce. Ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba, har ta ce abin sha'awa ne. Sannan ta ce masu duba makarantu suna tafe, kuma da wannan za a yi amfani wajen sabunta kwantiragi.

"Ko ka rage naka, ko ya ƙara nasa," in ji ta. "Ni ma abin da aka ce mini ke nan. Khalas, magana ta ƙare."

Makarantar ce kafil ɗina, wato ita ta tsaya mini nake zaune a ƙasar. Iƙama, wato izinin zama, ta matata da ta 'ya'yana mata biyu a jikin tawa suke rataye. A bas ɗin da ke mayar da mu gida na yi ta juya maganar. In na rage makina, shi zai shiga katin sakamako, babansa ya gani, maigidan baban ma ya gani. Kuma ƙarya ce. In na sa shi ya ƙara nasa, ita ma ƙarya ce, sai dai ba ta taɓa katin. Ita na zaɓa.

Washegari na karɓo fom ukun daga ofis na ajiye masa a kan tebur, da fensir da kilina.

"Goge ka sa huɗu."

Ya dube ni. "Malam, ai kai ka ce mu faɗi gaskiya, ba za a hukunta kowa ba."

"Na faɗa. Yanzu kuma na ce ka goge."

Ya goge a hankali, yana hure garin kilinar, har takarda ɗaya ta huje. Ya sa huɗu a kowane layi, ya miƙo mini da hannu biyu.

Aka sake shigar da su kwamfuta, layin ya koma kore. Masu dubawa suka zo suka tafi, aka yaba wa sashenmu.

Wata Juma'a da la'asar na haɗu da babansa a Corniche, bakin teku, yana jiran iyalan maigidansa da suka shiga kwalekwale. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malam, Allah ya saka. Yaron ya ce yanzu shi da kai bakinku ɗaya a maki. Naka ne, duk yadda ka ce ya yi haka zai yi."

Na ce amin, na tambaye shi mutanen gida.

Daga nan yaron bai sake kawo mini Al Asmakh a rubutu ba. Sai amfanin motsa jiki, sai illar wayar hannu, jimloli tsaf ba kuskure. Kafin ya cika fom sai ya ɗago ya dubi fuskata, sannan ya sa huɗu. Sau ɗaya na ce masa ya rubuta abin da ke ransa kamar da. Ya ce to, Malam, ya kawo mini shafi biyu a kan muhimmancin shan ruwa lokacin zafi.

An sabunta mini kwantiragi. Shi kuwa ya gama ya tafi Ghana wurin kawunsa, ƙasar da sau biyu kacal ya taɓa takawa. Ban sami lambarsa ba, ban kuma nema ba.

A shekarar da ya tafi na rubuta takardar ajiye aiki. Tana nan cikin kwamfuta, na sauya kwanan watan da ke kanta sau uku. Babbar 'yata ta shiga ajin jarrabawa bana, matata ta ce mu bari ta gama tukuna. Ƙaramar kuma tana biye da ita da shekara biyu.