Ranar da Kaka Ta So Niƙa Dutsen Kawu

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta da Juma'ar da kakata ta so ta mayar da dutsen kawuna kwalli ba.

Lokacin na dawo Wudil hutu daga makarantar 'yan mata a Kano, kai cike da boko, baki ba linzami. Shi kuma Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga aikin haƙar kuza can kudu cikin duwatsu. Ya kwance wani ƙullin tsumma, sai ga dutse kamar babban yatsa, garau, da ɗan shuɗi-shuɗi, gefensa a miƙe kamar an feƙe shi. Ya ce wajen wanke yashin kuza ake tsintar irinsa, yawanci ƙanana farare, amma babba mai shuɗi haka sai mai rabo. Baturen wajen aikinsu wai tofaz yake kiransa. Na karɓa na ji ya fi girmansa nauyi, ga sanyi a kumatu. Malamarmu ta taɓa ce mana dutse mai daraja yana yankan gilashi, don haka na ja shi a jikin wata kwalba. Ƙiii! Sai ga layi.

Dutsen kuwa wata budurwa a Achika ya kawo wa. Kawu yana nemanta, wani mai sabon keke ma yana nemanta, Kawu kuwa ya riga ya cika baki cewa da yammacin nan zai kawo mata abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Wudil. Ya ba Kaka ajiya, ya tafi kasuwa.

Ita kuwa Kaka ta daɗe tana kukan hazo-hazo a ido. A lissafinta, abin da ya kai wannan haske dole ya wanke ido. Ina ɗaki na ji ƙurus-ƙurus, na fito na tarar ta durƙusa tana goga shi a dutsen da take niƙa kwalli.

"Tsohuwa, me kike yi haka?"

"Ɗan kaɗan zan gutsura. Ai ba zai gane ba."

"Wannan fa gilashi yake yanka. Shi za ki zuba a idonki? Ki ƙarasa makancewa, wa zai dinga jan ki?"

"Ke mana, ja'ira. Me amfanin bokon naki?"

Ta goga har ta yi gumi. Muka duba, dutsen Kawu ko gezau, nata dutsen ne ya yi zane-zane. Na tuntsire da dariya, dariyar nan kuwa ita ta tunzura ta. Ta ce ba a yi dutsen da zai raina ta a gidan mijinta ba. Kafin in riƙe hannunta ta ɗaga taɓarya. Tas!

Bai farfashe ba. Gida biyu ya rabu, sumul, fuskar kowanne tana sheƙi kamar madubi. Daga baya na karanta cewa haka halinsa yake: ba ya gogewa, amma yana da gaɓa guda, in duka ya same ta shi ke nan.

Kawu ya shigo, ya gani, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Inna, ajiya fa na ba ki!"

"To ba ga shi ba? Ɗaya ka ba ni, na ba ka biyu. Kawo tukwici."

Ya kusa kuka. Ni kuma ba na iya kallon namiji yana jan hanci. Na ce, "Kawu, tashi. Mai keken nan zai iya raba kekensa ya ba suruka rabi? Ɗaya na yarinya, ɗaya na uwarta."

Haka ya yi, ya ba budurwar ɗaya, ya aika wa uwar ɗayan ta hannun ƙanwar budurwar. Aka ce matar ta kwana tana nuna wa maƙwabta, tana cewa tun da ake zuwa zance gidanta ba wanda ya taɓa tunawa da ita. Bayan kaka aka ɗaura aure. Mai keke ya zo cin goro.

Abin da na koya shi ne, tauri daban, jure duka daban, ga dutse da ma mutum. Kuma in za ka ba tsohuwa ajiya, ka faɗa mata tun da wuri cewa ba na sha ba ne, ba na shafawa ba ne.