Hajo Mai Sauraron Rumbu

A Zoza, idan kaka ta kama aka fara zuba hatsi, ba a liƙe bakin rumbu sai Inna Hajo ta zo ta ji shi. Takan zo da hantsi ko bayan azahar, lokacin da gari ya lafa, ta sa a kore kaji, ta zame ɗankwalinta daga kunnen dama, ta manna kunnen a jikin laka ta rufe ido. Masu gida su tsaya kamar ana huɗuba. In akwai ƙwari a ciki, tana jin cinsu. Ta ce ƙarar kamar ana murza yashi ne tsakanin yatsu biyu, a can nesa. Sai ta dafa wurin da tafin hannu ta ce a nan suke, ƙasa-ƙasa, a fitar a sake shanyawa. In an fitar kuwa, nan ɗin ne.

A ruga aka haife ta, wajen Beli. Mahaifinta yakan sa kunne a cikin saniya ya faɗi abin da ta ci ya dame ta, kuma shi ya koya mata yin shiru har sai abu ya yi magana da kansa. Da aure ya kawo ta cikin manoma, babu shanun da za ta saurara, sai ta koma kan hatsi. Shekara arba'in ke nan. Gyaɗa ma takan ɗauki ƙwaya uku ta kaɗa a gefen kunne, ta ce wannan da sauran kwana biyu a rana.

Kunnen nan kuwa tana tattalinsa kamar jariri. Gashin kaza bai taɓa shiga cikinsa ba, balle tsinken ashana. In mata suna shiƙa, ba ta tsayawa ta inda iska ke kai ƙaiƙayi. In an kunna lasifika a gidan biki, takan yi barka daga zaure ta juya. Mata suna yi mata tsiya, wai Hajo ta fi son kunnenta a kan 'yan uwanta. Ita kuma ta ce ai kunnen bai taɓa gulmarta ba.

Kakar bara ce ta zo mata da abin da ba ta shirya masa ba. Ƙasimu mai injin sussuka ya kafa injinsa a filin da ke bayan katangarta, kwana tara ana ɓarar masara da waken suya tun safe har la'asar. Ƙasa tana rawa, kwanuka suna kaɗawa a ɗakinta. Hajo ta samo auduga ta toshe kunnuwanta. Da ƙarar ta ƙi raguwa sai ta ƙara wata a kai, ta danna da ɗan yatsa, kullum haka.

Ranar da aka ɗauke injin, Gwadabe maƙwabcinta ya aiko a kira ta. Dawarsa ce ta shekara guda, abincin mutum goma sha ɗaya, ya zuba, yana so ya liƙe. Hajo ta je, aka kore kaji, ta manna kunne.

Shiru.

Ta gyara tsayuwa ta sake mannawa. Shiru dai. Sai ta lura Turai matar Gwadabe tana daka a tsakar gida, tana ganin taɓarya tana hawa tana sauka, amma dukan yana zuwa mata kamar daga ƙarƙashin bargo. Shirun nan na rumbu ne, ko na kunnenta? In ta ce lafiya, aka liƙe a kan ƙwari, kafin bazara dawar ta zama gari. Gwadabe yana tsaye da kwaɓaɓɓiyar laka a kwano, yana jiran kalma ɗaya.

"Malam Gwadabe, ajiye lakar nan," in ji ta. "Yau ban ji komai ba."

Ya yi murmushi ya ce to alhamdulillahi, ai haka ake so.

"A'a. Ban ji ba na ce. Ban ce babu ba."

Kafin magariba labari ya zaga. Turai ta zo da man gyaɗa mai ɗumi wai a ɗiga, wata ta kawo ruwan albasa, wata ta ce akwai mai sakace kunne da ke zuwa ranar kasuwa da ƙarafunansa. Hajo ta yi wa kowa godiya, ba ta bar ko ɗigo ya shiga ba. Washegari ta hau babur zuwa asibiti a Rogo.

Ma'aikaciyar jinyar, Munawwara, ta haska 'yar fitila a kunnen ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ta me take turawa ciki. Hajo ta ji haushi, ta ce ita ba ta taɓa tura komai ba, sai audugar kariya. Munawwara ta ce ai ita ce. Dannawar da take yi ta tura dauɗar kunne can ciki, ta haɗu da zaren auduga da ƙura ta zama toshe. Ta ɗiga mata magani, ta bari ya jiƙa, sannan ta wanke da ruwan ɗumi a hankali. Abin da ya faɗo cikin kwano bai wuce ƙwayar wake ba.

Sai duniya ta dawo gaba ɗaya: fanka, takun silifas a baranda, numfashin Munawwara.

"'Yar nan," in ji Hajo a hankali, "agogon hannunki yana tafiya ashe."

Munawwara ta ɗaga agogon ta kai kunnenta, ta dubi Hajo. Daga baya ta nuna mata irin matoshin roba da masu aikin inji ke sawa, ta ce shi ma a bakin kunne yake tsayawa, kuma abin da ya fi shi ne ta nisanci injin.

Bayan azahar ta koma gidan Gwadabe, mutane sun cika tsakar gida. Aka kore kaji. Ta zame ɗankwali, ta manna kunne, ta rufe ido. Ta ji faratan ƙadangare a kan jinka. Ta ji guga yana taɓa ruwa a rijiyar masallaci. Ta bi jikin rumbun sannu a hankali, gabas, kudu, ta durƙusa har gindinsa, ta zaga ta dawo inda ta fara. A cikin dawar babu abin da ke motsi.

Ta miƙe ta kaɗe gwiwarta.

"Kwaɓa sabuwar laka, Malam Gwadabe. Wannan shirun nasa ne."