Ruwa Ya Yi Gyara

Da tsakiyar damina suka zo, tabkin ƙauyenmu ya cika ya batse. Su uku ne a farar mota, shugabarsu wata injiniya daga Yamai, Hausarta ta cefanen kasuwa ce kawai. Lokacin ni ne mushen lakwal, wato malamin makaranta, a ƙauyen, can yamma da Ollelewa, sai kawuna mai gari ya aiko in zo in yi tafinta.

Da ta faɗi abin da ya kawo su, sai da na ce ta maimaita. Wai wuri suke nema inda za a ajiye wutar lantarki a cikin ruwa. Da rana, in sola ta ba da wuta fiye da buƙata, a tura ruwa da ita zuwa wani babban rami a kan dutse. In rana ta faɗi a sako shi, ya gangaro ya juya inji, wuta ta dawo. Ikon Allah! Ina gama fassarawa wani tsoho ya ce, "Mushe, ko dai Faransancin ya ƙwace maka? Wuta a cikin ruwa?" Aka bushe da dariya.

Ni kam abin ya shiga raina. Na bi ta har kan dutsen da ke bayan gari, ina haki ina tambaya kamar ɗan aji ɗaya. Ruwan ba ya ƙarewa? Ta ce shi ɗin ne dai zai yi ta hawa da sauka, sai abin da rana ta sha. Dutsenmu ya yi mata, ƙasar ma ta yi. Saura abu guda: tabkin da ke gindin dutsen ya zama mai kaiwa wata damina.

To, nan gizo ke saƙa. Tabkinmu kafin a gama ɗaurin gero ya fara ja da baya, da bazara kuwa jakai ke birgima a tsakiyarsa.

Da muka sauko ta so ta ji daga bakin mutane. Duk wanda ta tara sai ta nuna tabki ta ce, "Ina ruwa?" Wa zai ji wannan da damina ya ɗauka tambaya ce? Gaisuwa ce! Kowa ya rusuna ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Mutum bayan mutum, amsa ɗaya. Ta juyo ta tambaye ni ma'anarsa. Kawu ya yi mini wani irin kallo. Na ce mata, "Sun ce ruwa ya kyautata komai." Ta rubuta tana murmushi.

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa mata dukan gaskiya ba. Ni kuma Allah bai yi ni da iya riƙe magana ba. Har ta sa ƙafa a mota na tare ta, na faɗa mata gaisuwa ce aka yi ta amsa mata, na kuma ce ta dawo da bazara ta ga tabkin da idonta. Ta soke abin da ta rubuta, ta yi godiya. Ba su sake dawowa ba.

Bayan la'asar na je gaida Kawu, na shirya hujjojina tsaf.

"Kawu, ai da an yi aikin ma da bai yi ba. Tabkin..."

"Kai, rufe mini baki! Ni za ka gaya wa tabki? Da laƙarsa na gina ɗakin da aka haifi uwarka. Na san ba za a yi ba. Amma kafin su gane, sai sun kawo manyan injunan gwada ƙasa, injunan kuwa ba sa bin yashi, dole su fere mana hanya. Yanzu in mace ta kasa haihuwa, kai za ka goya ta zuwa asibitin Tanout?"

Ya ɗauki butarsa ya shige gida.