Kason Malama a Watanda

Ni ce mai rabon watanda a layinmu na Nassarawa, don kawai ina koyar da lissafi a jami'a. Matan layin kan haɗa kuɗi a sayi saniya gab da azumi, a yanka, a kasa. Da na gaji da rigimar wa aka ba ƙashi, sai na kafa ƙa'idoji irin waɗanda nake koyarwa a aji. A rabe naman tas. Waɗanda suka zuba daidai su ɗauka daidai. Wanda kuma cire shi ba ya rage wa taron komai, ba shi da kaso. Kowa ya yarda, har Hajiyar gidan da ke kan kwana, wadda ba ta yarda da sikelin kowa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, maƙwabciyata ba ta zuba ba. Kirista ce daga wajen Zariya, malamar firamare, Malama muke ce mata. Tun rikicin da ya faru a Kaduna ta daina fitowa hira, aka ce kaya take ɗaurewa, za ta bar gari. Na san in tiren nama bai shiga gidanta ba, za ta ɗauka mun sallame ta ne.

Ranar yanka na ce mahauci ya ƙara kashi ɗaya.

Hajiya ta ce, "Na wa? Ke fa kika ce wanda bai ƙara komai ba ba shi da kaso."

Na ce, "Hajiya, a cire Malama mu gani. A gindin mangwaron wa saniyar ta kwana? Tiyon wa ake wanke kayan cikin da shi?"

Ta dubi tiyon ruwan da aka zuro ta kan katangar Malama, ta taɓe baki, ta ce in ɗauka.

Na daɗe ina bugun ƙofa kafin Malama ta buɗe. Falon duk kwalaye ne ɗaure da igiya. Ta dubi naman, ta dube ni.

"Ban zuba ba, Maman yara."

"Kasonki ne. A gaban kowa aka lissafa."

Ta juya ta dubi kwalayen. Sannan ta ce, "Babbar tukunyar tana ƙasan wancan kwalin. Ajiye tiren, ki kama mini mu kwance."